Maiwar da Iya Ta Zo Nema

Mutanen yanzu ba su iya sauraron mafarki ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a cikin duk abin da zan faɗa, shi ya sa na fara da shi. Ka buɗe baki ka ce ka yi mafarki, kafin ka kai tsakiya wani ya riga ya yanke maka fassara, wani ya ciro waya yana latsawa wai zai duba maka, wani kuma ya tambaye ka ko ka sha maganin hawan jininka. A zamaninmu ba haka ake yi ba. Mafarki kaya ne mai nauyi, ba a sauke shi a kasuwa. In ka ga abin da ya tsorata ka, ka tofa ta hagu, ka juya kwanciya, ka kama bakinka. In kuwa ya ƙi barin zuciyarka, sai ka nemi mutum ɗaya wanda ya san ka ya san gidanku, ka same shi shi kaɗai. Shi ma ba ya gaggawa. Zai tambaye ka me ka ci, da wa kuka yi faɗa, wanda ka gani ina ya fuskanta, me ke hannunsa, kuma da yana raye wane irin mutum ne. Wani lokaci ya sallame ka bai ce komai ba sai an kwana biyu, domin sun yarda cewa maganar farko da aka ɗora wa mafarki ita ke bin sa. Ni dai haka na taso na tarar, kuma ban ga inda ya lalace ba balle a ce a canza shi.

Ƙauyenmu yana can cikin itatuwa tsakanin Faskari da Sabuwa, inda ɗorawa da kaɗanya suka fi mutane yawa. Na ce yana can, amma Allah kaɗai ya san abin da ya rage, domin ɓarayin daji sun tashe mu, damina biyu ke nan ban taka ƙasarsa ba. Yanzu ina Ƙanƙara, a gidan hayar ɗan farina, wanda ba na kama sunansa a baki balle a takarda. Tela ne, yana da rufin asirinsa. Matarsa 'yar cikin gari ce, 'ya'yanta har sun fara girma, amma ni har yau Amarya nake ce mata, don da wannan suna ta shigo mana kuma ban ga dalilin sauke ta daga muƙaminta ba. Ba su rage ni da komai ba, gaskiya ɗaya ce. Ana ba ni koko da safe, ana wanke mini riga, ko atishawa na yi sai an ce mini sannu. Sai dai mutumin da ya saba fita da fartanya tun kaji ba su sauko ba, in ka ajiye shi a kan tabarma kana yi masa sannu, ba hutu ka ba shi ba. Ranar da muka gudo kowa ya ɗauki abin da ya fi so, wani katifa, wani akuya, wata tukunya da tuwonta a ciki. Ni na taka turmi na sauko da ɗaurin maiwar da ke rataye a saman murhu, na naɗe shi cikin tsohuwar riga. Har a mota ana yi mini dariya, wai tsoho ya bar rediyonsa ya ɗauko abincin tsuntsu.

Wannan maiwa ta Iya ce, kakata wadda ta haifi mahaifina. Da ita ta zo daga gidan ubanta ranar da aka kawo ta, a cikin kayan ɗaki tare da tasoshi da ƙorai, kuma ta sha faɗa cewa ita ma kakarta ce ta ba ta. Ga wanda bai sani ba, maiwa 'yar'uwar gero ce, sai dai ba ta da gaggawarsa. Gero ya nuna, a ci tumu har a manta, ita tana tsaye tana ƙara tsawo, sai ruwa ya ɗauke sannan ta cika ƙwaya. Tamu fara ce mai doguwar zangarniya, furarta ko ba nono tana wucewa. Idan kaka ta yi, ba namijin da ya isa ya sa wuƙa a gona sai Iya ta riga shi shiga. Takan bi kunya-kunya tana lanƙwaso kara, tana duban zangarniya kamar mai zaɓen suruki, wannan ta murza ta saki, waccan ta ƙanƙance ido ta yanke. Abin da ta zaɓa shi ne iri. Ta ɗaure da kaba ta rataye a saman murhunta inda hayaƙi ke bugunsa safe da yamma, har ya yi baƙi da kunkunniya, ƙwaro ba ya kusantarsa, ɓera ma sai dai ya kalla daga nesa. Da ta tsufa ƙafa ta ƙi, ni nake riƙe mata hannu muna bin gonar, a nan na koyi zaɓen. Da ta rasu ba wanda ya ce in ci gaba, na dai ci gaba.

Idan na rufe ido, abin da nake fara ji na wancan zamani ƙara ce. Da maiwa ta fara ƙwaya tsuntsaye za su sauko, mu yara kuwa aikinmu ya samu: mu hau rumfar kara a tsakiyar gona tun rana ba ta fito ba, mu ja igiyar da aka jera wa fasassun ƙorai da gwangwanaye, mu yi ta ihu har murya ta dushe. Wannan gona ta amsa wa waccan, har ka san muryar kowane yaro daga nesa, ka san wanda barci ya sace. Da hantsi luguden mata ya taso daga cikin gari, taɓarya uku a turmi ɗaya, ana jefa ta sama a tafa kafin a cafe. Da yamma shanu su dawo, maruƙa na kuka, masu nono su shigo su fita da maiwa a ƙwarya ana tsokanar juna. Dajin da muke shiga tsintar kaɗe da ƙafa ba takalmi, ba mu taɓa zaton akwai ranar da za a ji motsi daga cikinsa a nemi maɓoya ba. Yau injin niƙan maƙwabta ne ke tashe ni, janareta ya karɓa, babura su cike sauran. Ko a tsakiyar gari, in babura suka yi yawa a lokaci ɗaya sai gabana ya faɗi, in ajiye abin da ke hannuna.

Akwai shekarar da ruwa ya yaudare mu. Ya sauko da wuri, kowa ya shuka, sannan ya ɗauke ƙafa, abin da ya tsira kuma fara ta zo ta ƙarasa. Ina yaro, ban isa riƙe garma ba amma na isa sanin yunwa. Kafin bazara rumbuna sun zama gidan jemagu, ana cin busasshiyar tafasa da garin ɗorawa. Wata rana Iya ta tafi jeji neman ganye, sai Baffa, ƙanen mahaifina, wanda 'yarsa ta yi kuka har kukan ya daina fita, ya hau ya sauko da ɗaurin iri. Ba wanda ya hana shi. Mu yara muka kewaye turmi muna haɗiyar yawu, matarsa ta karya zangarniyu ta zuba, ta ɗaga taɓarya. Ban ga shigowar Iya ba, na dai ga ta yar da kwandonta ta zura hannu cikin turmin har gwiwar hannu, ta ɗago kai ta dubi mai taɓaryar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Daka, ɗiyata. Amma da hannuna za ki haɗa.” Taɓarya ta tsaya a sama. Baffa ya ce mata 'yarsa za ta mutu, ta ce ta ji, in kuwa aka ci wannan, baɗi ba 'yarsa kaɗai ba. Ta shiga ɗaki ta kwaso tasoshin aurenta waɗanda ko taɓa su ba a yi, ta ɗora masa a ka, ta ce ya kai kasuwar Faskari ya dawo da rogo ko duk abin da ya samu. Sannan ta zauna ta tsince abin da ke cikin turmin ƙwaya-ƙwaya ta ƙulle a bakin zane. Ranar na ji haushinta ƙwarai, na kwanta ina kuka ina cewa tsohuwar nan ba ta da imani. Yarinyar ta rayu. Da ruwan shuka ya sauka, rabin garin ba su da abin sa wa a rami, sun cinye nasu, sai ga su a ƙofar Iya da 'yan ƙorai, manyan mutane masu gemu, tana auna musu da tafin hannu. Tun daga shekarar, duk maiwar da ake nomawa a yankinmu daga ɗaurin nan ta fito.

Iri kuwa rai gare shi, kuma ba ya jira har abada. In ya shekara bai ga ƙasa ba ya fara rauni, in ya ƙara wata rabinsa ya mutu a rataye. Da muka iso Ƙanƙara na buga ƙusa a kicin na rataye nawa, na ce kafin marka mun koma gida. Ba mu koma ba. Damina ta biyu na cika buhuna da ƙasa na jera a ƙofar gida, don gidan hayar an shafe shi da siminti tun daga ɗaki har bakin titi kamar ƙasa ta yi wa mai gidan laifi. Ta fito da kyau, ta kai gwiwa, akuyar maƙwabta ta yi mini girbi a yini ɗaya. Na aika tambaya ga mutanenmu da suka watsu ko akwai wanda ya fito da nasa, babu: wanda nasa bai ƙone a rumbu ba ya daɗe da komawa noman masara. Da bazarar bana ta shigo na murje 'yan ƙwayoyi na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma yadda Iya take gwadawa. Da na buɗe, waɗanda suka tsaga ba su kai rabi ba. Na san bana ce ta ƙarshe, ko ta shiga ƙasa ko ta ƙare a hannuna, bayan ta wuto hannun mutanen da ban ma san sunansu ba. Ina cikin wannan damuwa na yi mafarkin.

Da rana ne ma, bayan azahar, zafi ya hana kowa motsi, na kishingiɗa a zaure. Sai na gan ni a bakin rafin garinmu, da tsufana da furfurata yadda nake yanzu, amma ƙafata ba ta ciwo. Ina wannan gaɓa, gonarmu tana waccan. An share ta tas, tokar sassabe na nan fari-fari. Gabas ta yi baƙi ƙirin da hadari, iskar nan mai sanyi da ƙamshin ƙasa tana kaɗa ganyen ɗorawa, amma ko ɗigo bai sauka ba, kuma ba a jin kukan ko tsuntsu ɗaya. Iya tana tsaye kusa da surin kan iyaka da baƙin zanenta na saƙi, sungumin saran shuka a kafaɗa. Ta riga ta sare gonar duka, ramuka a jere har inda ido ya ƙare. A bayanta mutanen garinmu ne da suka rasu, mahaifina da Baffa da tsohon liman da wasu da na daɗe da mantawa da su, kowa a bakin raminsa. Kun san yadda ake shuka, a jefa iri a rufe da ƙafa. To kowannensu ya ɗaga ƙafa ɗaya zai rufe, ya tsaya a haka ba ya ko tangaɗi, duk sun zuba mini ido. Iya ta ɗago ƙwaryar iri ta kife ta don in ga ba komai a ciki. Ta ce da muryarta ta kullum, ta mai aiken yaro, “Ina irina? Miƙo man, ruwa na tahe.” Na laluba aljihu, na ciro goro, na ciro ƙwayar maganin asibiti, ba abin da take so. Na ce bari in ƙetara in yi mata bayani, sai na ga rafin da ake takawa da ƙafa a bazara ya cika ya batse, jan ruwa yana gudu ba sauti. Na sa ƙafa ɗaya, sanyinsa ya hau mini har ƙugu. Ta sake miƙo ƙwaryar. A nan injin niƙa ya tashi, na farka rigata jiƙe da gumi, ƙamshin ƙasar nan yana hancina.

Da a da ne na san wanda zan nufa, amma duk waɗanda suka san Iya suna cikin masu ɗage ƙafar. Na riƙe shi ya ƙi barina, sai na faɗa wa ɗana muna cin tuwo, Amarya tana bakin ƙofa da butar wanke hannu. Nufina ya gane lokaci ya ƙure, ya bar ni in bi motar kasuwa in je in shuka ko gefen gonar ne in dawo. Ban gama ba ya ajiye loma. Ya ce, “Baba, ka bar zancen ga don Allah. Matattu sun kira ka ƙetaren ruwa, Allah ya sa ba ka ƙetara ba, kai kau kana neman motar da za ta kai ka. Ba inda za ka.” Na ce ya bari in ƙarasa, ya ce ya ji abin da zai ji. Na tuna masa wace ce Iya, ya ce shi a labari ya san ta, abin da ya sani da idonsa shi ne mutanen da aka ɗauke a hanyar nan. Gaskiya ya faɗa, kuma ba abin da ya kai gaskiyar yaro ciwo. Washegari, ba da sanina ba, ya kwashi mafarkina ya kai wa malamin unguwa, mutumin kirki mai karatu, amma bai taɓa ganin ƙauyenmu ba, kuma bai aiko a kira ni ba. Abin da ya isa kunnensa shi ne wata tsohuwa da ta rasu ta zo da ƙwarya tana tambayar hatsi. Sungumin da ramukan da hadarin duk sun zube a hanya. Malam ya ce mamaci in ya tambayi abu sadaka yake so, a fitar masa da abin da ya tambaya a yi masa addu'a. Da aka kawo mini wannan fassara na ce madalla, a sayo gero a kasuwa a yi mata gumba, Iya ta cancanci fiye da haka. Na ɗauka magana ta ƙare.

A zuciyata kuwa ba ta ƙare ba, ina zaune ina juya shi kamar mai gasa masara. Wani lokaci in ce ai a fili yake: mace da sungumi, gona a sare, hadari a gabas, me take so in ba shuka ba? Matar da ta sa hannu a turmi ba za ta taso daga kabari neman abin sa wa a baki ba. Wani lokaci kuma zuciya ta ce, to in ramukan nan ba na shuka ba ne fa? Mutane a tsaye a bakin rami suna jiran su rufe, ai na sha tsayawa a irin wannan sahu, kuma ba a gona ba. Ko zargina ta zo yi, don na bar abinta ya daɗe a rataye? Ko kuwa ba komai ba ne illa tsoho mai kewar gida ya ci wake ya kwanta cikin zafi? Mutuwa ba ta ba ni tsoro ba, shekaruna sun kai. Abin da na ji tsoro shi ne in je in same ta da ƙwaryar nan, ta tambaye ni ina ya shiga, in ce akuya.

Tun da an hana ni ƙauye, na shiga neman wata ƙofa. Akwai wani Alhaji manomi daga garin Ƙetare da ke zuwa Juma'a masallacin da nake zuwa, muka saba saboda dukanmu gindin bango muke nema don jingina. Na roƙe shi aron 'yar kusurwa a gonarsa. Da farko ya ƙi, kuma da hujja. Ya ce yanzu ba mai son dogon kara kusa da gida, don ba ka ganin mai zuwa sai ya iso. Ya ce kuma in ni kaɗai na shuka maiwa a yankin, bayan kowa ya girbe duk tsuntsun ƙasar a kaina zai sauka, shuka a idon makwarwa ke nan. Na ce ba dammuna nake nema ba, so nake iri ya sabunta ko da abin da zai cika hannu ne, tsuntsu kuwa ya bar ni da shi, tun ba a haifi Alhaji ba nake wannan aiki. Na yi ta bin sa kamar mai neman aure. Wata Juma'a bayan an sallame ya kama hannuna, ya ce ya bar mini kunya biyu a bayan gidansa jikin danga, in ruwa ya sauka in zo da abina. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Na taho ina sauri har ina mantawa da dogara sanda, ina tsara yadda zan gaya musu cewa ga shi an samu hanya ba sai na ƙetare ruwan kowa ba.

Na tarar da yaran unguwa suna fitowa daga gidanmu kowa da farin dunƙule a hannu yana lasa. Na ce to, an yi sadakar, Allah ya karɓa. Na zauna a zaure, Amarya ta kawo mini nawa a ɗan kwano, ta durƙusa ta ajiye. Na gutsura na kai baki. Hayaƙi na fara ji, tsohon hayaƙin itace da ba a hura shi a gidan nan, a bayansa kuma wani zaƙi da na sani tun ban san sunana ba. Ba geron kasuwa ba ne. Na tashi na leƙa kicin. Ƙusar tana nan da guntun kaba a jikinta. Na fita tsakar gida, ga turmin aro an wanke an kife, an share wurin tas, ƙaiƙayin ya tafi wuta, kajin maƙwabta suna tsince abin da tsintsiya ta bari. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa ina shafa siminti da tafin hannu. Ban samu ko ɗaya ba.

Amarya ta biyo ni ta tsaya a bayana. Ta ce a hankali, “Baba, Malam ya ce a hidda mata abin da ta tambaya. Ba na kasuwa ta tambaya ba, nata ta ce. Na ji tsoro in an ba ta wani ta dawo.” Ta ce tun ranar da ta ji mafarkin hankalinta bai kwanta ba, ko tari na yi sai ta leƙo. Ta ce ba ta kai inji ba, da hannunta ta yi sussuka da surfe da daka, don ta ji ina cewa tsohuwar ba ta san inji ba. Na dubi hannun. Yarinyar da ban taɓa ganin ta da taɓarya ba tun da aka kawo ta, tafinta ya ɗuri ruwa, wani wurin ya fashe. Sannan ta ce in don iri ne kada in damu, akwai a kasuwa har da mai saurin nuna, za ta sa a sayo mini.

Magana ta taso mini tun daga ciki har ta iso haƙori. Na so in tambaye ta ko ta san abin da ta daka. Na so in aika a kira mijinta, wanda ya tashi da furar maiwar nan a cikinsa, ya ba da izini sannan ya laɓe a shago ya ƙi dawowa cin abincin rana. Na so in je in ji daga Malam ko a karatunsa an hana kiran mai mafarki. Amma abin ya riga ya zama sadaka, ya shiga cikin yara, an ce ladan na Iya ne. Tun muna ƙanana aka koya mana cewa sadakar da aka bi da ƙorafi da gori ba ta isa inda aka aike ta. In na yi faɗa na rasa iri, na kuma hana tsohuwar ɗan abin da ya rage mata a ciki. Sun ɗaure ni ta ko'ina, kuma da ƙauna suka ɗaure ni, ba wanda zan kai ƙara. Na dafa turmin na miƙe. Na ce, “Allah shi kai ladan kabarinta. Allah shi yi maki albarka, tahi ki sa ma hannun nan man kaɗe.” Ta yi ajiyar zuciya, ta juya tana share ido. Na koma zaure na cinye sauran gumbar, don ba a zubar da sadaka, kuma na san ba zan ƙara ɗanɗana ta ba.

Har yau ban san abin da mafarkin yake nufi ba. Ɗana ya ce ga ni nan da raina, fassararsa ta fito. Amarya ta ce tun da tsohuwar ba ta dawo ba ta karɓa, kuma gaskiya ne ba ta dawo ba, na sha kishingiɗa a zauren nan da rana ina jiranta. Wani lokaci in ce da ta san abin da zai biyo baya da ba ta zo ba. Wani lokaci kuma in ce wa ya sani, ko ta duba ta ga ƙasar ba ta shukuwa, jikokin ba masu riƙewa ba ne, ta zo ta kwashe kayanta yadda mace ke yi in zama ya ƙare. Wannan tunani shi ya fi ƙona mini rai, don ya yi kama da halinta.

Ruwan shuka ya sauka cikin makon. Juma'ar da ta biyo Alhajin Ƙetare ya same ni a gindin bango da fara'arsa, ya ce ƙasa ta sha ta ƙoshi, kowa ya shuka, kunyoyina ne kaɗai ba a sa wa komai ba, mutanen gidansa har sun fara tambaya. Na ce masa, “Ka sa wakenka, Alhaji. Na gode.” Ya tambaye ni ko fasawa na yi bayan duk nacin da na yi masa. Na ce ban fasa ba, babu ne. Ya tsaya yana kallona yana jiran sauran bayani, ni kuwa na laluba takalmina na sa, na kama hanyar gida.